Akwai daɗin Sallah da ba a sayarwa a kara

Da zarar an ga watan Zulhajji, hirar majalisa a Kano takan koma abu ɗaya. Ana gama "ina gajiya, ya iyali" sai ka ji an jefo tambayar da rabin mutanen wurin suke gudu: "Malam, an ɗaure kuwa?" Wanda ya ɗaure sai ya ce an gode Allah. Wanda bai ɗaure ba sai ya ce ana nan ana dubawa, ya yi sauri ya kawo wani zancen. Daga ranar har safiyar idi magidanci ba ya samun barcin kirki. Ga rago, ga ɗinkin yara, ga atamfa ko leshin uwargida, ga takalma, ga man suya da kayan miya, ga kuɗin motar zuwa gaida iyaye, ga 'yan canjin da za a raba wa yara na barka da Sallah. Uwargida ita ma tana nata lissafin: itace ko gawayi ko gas, layin mai kitso da mai lalle, injin markaɗe, telan da ya daina ɗaga waya, da baƙin da za su sauka babu sanarwa. Sai ka ga gida ya cika da tsaki da gajeriyar magana, a daidai kwanaki goman da aka ce babu kamar su wajen aikin alheri a duk shekara.

Wannan ƙunci ba ƙirƙirarsa aka yi ba. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma duk abin da yake shiga mota kafin ya iso kasuwa ya bi bayanta. A watan Yunin 2024, watan da aka yi Babbar Sallah, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin shekarar naira 70,000 ne, kuma duk wanda ya leƙa kara ya san matsakaicin rago ya bar wannan adadi a baya nesa ba kusa ba. Satar dabbobi ta karya garkuna a Zamfara da Katsina da Sakkwato. A 2025 hukumomin Nijar sun dakatar da fitar da dabbobi gabanin Sallah, kasuwannin bakin iyaka irin su Maigatari da Mai'aduwa da Illela suka ji a jikinsu. Ƙari a kan haka, a 'yan shekarun nan Sallar tana faɗowa ne a bakin damina, lokacin da manomi yake neman kuɗin iri da taki da huɗa. Ita ma baiwar Allah da ta turke ragon a ƙauye tun bara ba ita ta ci riba ba, domin dusa da harawa da kowa sun riga sun cinye rabin kuɗin tun kafin dillali ya yanki nasa.

Duk wannan gaskiya ne, ba na kuma so kowa ya ɗauka ina raina shi. Amma akwai asara ta biyu da muke ɗora wa kanmu a kan ta farko, ita nake so mu duba. Tsada ta ƙwace mana wani ɓangare na Sallah, mu kuma don baƙin cikin wannan ɓangaren sai muka juya wa saura baya, alhali sauran ya fi yawa, kuma babu dillalin da ya taɓa yi masa kuɗi.

Ka tambayi duk wanda ya manyanta abin da yake tunawa na Sallar yarintarsa, ka saurara da kyau. Da wuya ka ji ya ambaci nawa aka sayi rago, ko yadin rigarsa mai tsada ne ko mai araha. Zai ce maka ya kwana da sabon takalmi a gefen matashi, yana farkawa yana shafawa ko yana nan. Zai tuna sanyin iska a ƙeya bayan askin jajibere, da kwallin da mahaifiyarsa ta zizara masa, da agogon roba da tabarau da ya yini yana gyarawa a fuska. Mace za ta tuna daren ƙunshi, an naɗe ƙafa da leda an jera a tabarma ana hira har barci ya kwashe su, da safe a kwance a gwada na wa ya fi kamawa. Za su tuna tsokar hantar farko da aka ɗauko daga wuta aka barbaɗa yaji aka miƙa musu tana ƙona yatsa, da zaman bayan magariba ana zazzage aljihu ana ƙirga abin da aka samu a yawon Sallah. Iyayen da suka ba mu waɗannan su ma suna da bashinsu da damuwarsu a lokacin. Abin da ya zauna a zukatanmu shi ne suna wurin, fuskarsu a sake.

Safiyar idi kaɗai ta isa a yi mata shiri na musamman, ba ta kuma neman ko kwabo. Mutum ya yi wanka gari bai gama wayewa ba, ya shafa ɗan turaren da ya rage a kwalba, ya riƙe hannun ɗansa, su fita a ƙafa idan filin bai yi nisa ba. Kowane lungu yana fito da mutane, kabbara tana tashi daga nan da can har ta haɗu ta zama murya ɗaya. A filin idi na Ƙofar Mata ko na kowace unguwa da ƙauye, mai sabuwar shadda da mai tsohuwar jallabiya kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa, raka'a biyun kuma ɗaya ce ga kowa. Sunna ce a sake hanya wajen komawa gida, kuma cikin hikimomin da malamai suka ambata akwai gaisawa da mutanen hanyoyin biyu. Da yawanmu yanzu muna sallamewa muke zabura, ko huɗuba ba ma tsayawa, hankali yana kan mahaucin da aka yi alkawari da shi, ko kan kunyar komawa gidan da babu abin yankawa. Ta haka rabin sa'ar da ta fi kowace daɗi a ranar take wucewa ba mu san ta wuce ba.

Har daminar da na ce tana ƙara wa manomi nauyi tana zuwa da nata alherin. Wanda ya sha zafin Afrilu da Mayu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ya san darajar daren da hadari ya haɗu, iska ta kaɗo ƙamshin ƙasa, aka kwanta ba tare da neman mafici ba. Shekarun da Sallah take zuwa a irin wannan lokaci ƙidayayyu ne, domin kowace shekara tana matsowa da kimanin kwana 11, nan gaba kaɗan za ta koma tsakiyar bazara. Ya kamata a san ana cikin sauƙi tun ana cikinsa.

Shi kansa addinin da muke cewa don shi muke wannan wahala bai ɗora mana ita haka ba. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka taso a kanta, layya sunna ce mai ƙarfi ga mai iko, kuma wanda zai buƙaci kuɗin dabbar wajen larurar iyalinsa a cikin shekararsa ba a neme shi da ita ba. Tunkiya tana isarwa, akuya da bunsuru suna isarwa, dabba ɗaya kuma tana wadatar da mutum da iyalan gidansa. A Muwaɗɗar Imam Malik akwai maganar Abu Ayyub al-Ansari cewa a da mutum yakan yanka dabba guda don kansa da mutanen gidansa, daga baya mutane suka shiga alfahari da juna har abin ya koma gasa. Sahabi ne yake wannan kuka tun a ƙarnin farko, ka ga ciwon ba yau ya fara ba. An ruwaito cewa Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar sukan bar layya a wasu shekaru don kada mutane su ɗauke ta farilla. Abu Dawud da Tirmizi kuma sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yanka rago ya ce wannan daga gare shi ne da wanda bai yi layya ba cikin al'ummarsa. Aya ta 37 a Suratul Hajji ta rufe zancen: naman da jinin ba sa isa ga Allah, taƙawar mai yi ce take isa gare Shi. Duk magidancin da ya kasa bana ya kamata ya ji waɗannan daga bakin limaminsa tun kafin Sallah, a faɗa masa su da ƙarfi kamar yadda ake faɗar falalar yankan.

To idan Allah bai matsa ba, wa ya matsa? Idon jama'a. "Me za a ce?" ita ce take korar mutum zuwa kara da kuɗin da ba nasa ba. Yanzu kuma waya ta ƙara wa idon kaifi. A da ragon maƙwabcinka kaɗai kake gani, yau kana kwance a ɗaki za a nuno maka shanun mutanen da ba ka taɓa sani ba, da iyali goma sanye da anko a gaban mota, a WhatsApp da TikTok da Instagram. Ba a ɗora hoton takardar bashi, ba a ɗora faɗan da aka yi kafin a tsaya gaban kyamara. Hausawa sun ce wanda ya daka rawar wani zai rasa turmin daka tasa.

Sai dai akwai idon da ya fi na jama'a nauyi, kuma rashin adalci ne in tsallake shi. Yaro ne ɗan shekara biyar ko shida zai dawo daga ƙofar gida, inda ya ga abokansa suna ba ragunansu dusa, ya tsaya gabanka ya ce, "Baba, mu ina namu?" Babu hadisin da zai hana wannan tambaya ta soki uba. Abin da na sani shi ne yaro yana ɗaukar amsar daga fuskarka kafin bakinka. Idan ya ga kunya da fushi, zai koyi cewa gidansu ya gaza. Idan ka zaunar da shi ka ce bana Allah bai kawo ba, amma ga abin da za mu yi, an shiga watanda za a kawo kasonmu, ko ga zakara za mu yanka kai za ka riƙe mini, bayan la'asar kuma za mu je gidan Hajiya, to ka ba shi Sallar da zai riƙe. Watanda da zakara ba layya ba ne, nama ne na tukunya, kuma babu aibi a kira su da sunansu. Yara suna jure rashi fiye da yadda muke zato. Abin da ba sa jurewa shi ne gidan da kowa yake ɗaure da fuska.

A nan ne nauyi yake komawa kan wanda ya samu iko. Dubi yadda naman layya yake yawo a biranenmu: cinya ta tafi gidan surukai, ɗaya cinyar ta tafi gidan maigidan wurin aiki, wanda shi ma ya yanka uku, sauran a soye a cika bokiti. Maƙwabcin da bai yanka ba sai a rana ta uku a tuna da shi da ƙashi da kitse a leda. Alƙur'ani da ya zo rabon naman ya ambaci mai roƙo, ya kuma ambaci mai wadar zuci wanda ba ya roƙo. Wannan na biyun shi ne malamin firamaren da ke bayan gidanka, da ɗan fanshon da ya saba yanka biyu a da, da bazawarar da take fita da fara'a don kada a gane. Ba za su taɓa aiko yaro ba. Ka aika musu tun ranar farko, tsoka mai kyau, a kwano mai murfi. Ka kira 'ya'yansu su riƙe ƙafa lokacin fiɗa, a gasa hanta a raba da su tare da naka. Mai bayarwar ma yana samun wani daɗi a nan wanda bokitin soyayyen nama ba ya bayarwa.

Batun bashi kuwa kakanninmu sun gama shi da suka ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Kalmar tana da zafi, kuma yawancin masu cin bashin nan ba wawaye ba ne, mutane ne da kunya ta ci ƙarfinsu. Amma sakamakon ɗaya ne. Naman zai ƙare cikin makonni, mai bin bashi kuwa yana nan, kuɗin makaranta na Satumba yana tafe, gona tana jiran taki. Yanzu ma har da manhajojin ba da rance na waya, waɗanda wasunsu sukan aika wa duk mutanen da ke cikin wayarka saƙon tozarci idan ka makara, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta fara dirar musu a 2022. Mutum ya ci bashi don gudun kunyar kwana ɗaya, ya sayo ta wata shida. Kwanciya da dare babu wanda yake binka ita ma daɗi ce, tana kuma cikin manya.

Na san abin da wani mai karatu yake faɗa a ransa yanzu. Zai ce wannan ai tsohon wa'azin nan ne da ake yi wa talaka kullum: yi haƙuri, gode wa Allah, ka ji daɗin iska da kabbara, su kuma waɗanda suka jefa ka cikin halin suna rabon raguna da tirela. Wannan ƙorafi yana da tushe. An daɗe ana amfani da kalmar haƙuri a ƙasar nan don rufe bakin mai gaskiya, kuma duk mai mulkin da ya ce wa mutane su yi godiya alhali bai biya albashi kafin Sallah ba, ya ci amanar kalmar. Amma ban yarda cewa jin daɗin abin da ke hannunka yana nufin ka yafe abin da aka ƙwace maka ba. Mutum yana iya dariya da 'ya'yansa ranar Sallah, ranar aiki kuma ya tambayi ɗan majalisarsa ina aka kwana. Wanda baƙin ciki ya cinye ba shi ne ya fi ƙarfin neman haƙƙinsa ba, yawanci a kan matarsa da 'ya'yansa yake saukewa, waɗanda ba su janye tallafin komai ba.

Hasali ma, idan muka san darajar ƙananan abubuwan nan za mu fi gane lokacin da aka taɓa su. Hawan Sallah misali ne. Kallon da talaka yake yi kyauta ne tun kaka da kakanni: Hawan Daushe, Hawan Nassarawa, 'yan lifidi da 'yan sulke, algaita da kakaki, yaro a wuyan ubansa yana nuna dokin da ya fi burge shi. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya take alfahari da su. A shekarar 2024 ɗin kuma, da 2025, rundunar 'yan sanda ta hana hawan saboda rikicin masarauta. Masu hali sun sami inda za su kai 'ya'yansu, wuraren wasa na kuɗi suna nan a buɗe. Ɗan mai gadi da ɗan mai turin kura su ne aka bari a ƙofar gida, tare da mai sayar da ruwa da mai balan-balan da suke jiran cinikin ranar. Haka wutar lantarki a makon da tela yake kwana kan keke, da ruwan famfo ranar wanke kayan ciki, da hanyar da mutum zai bi zuwa garinsu ba tare da fargabar masu garkuwa ba. Mutanen da aka raba da ƙauyukansu a Zamfara da Borno sun fi kowa sanin cewa yin idi a filin garinku, a bayan limamin da ka sani, ba ƙaramin abu ba ne. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya jera abu uku: wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiyar jiki, da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. Na farko da na uku suna da alaƙa kai tsaye da yadda ake mulkinmu, kuma wanda ya san darajarsu shi ne zai fi tsayawa a kansu.

Akwai kuma waɗanda ake ƙwace wa daɗin Sallah a cikin gida, ba gwamnati ba, mu da kanmu. Duk abin da na lissafa a sama yana buƙatar sarari, sararin nan kuma ba a raba shi daidai. Mace takan tashi tun kafin asuba ta ɗora tuwo ko waina da miyar taushe. Kafin a sauko idi ta share gida, ta shirya yara. Ana yanka rago aikin ya koma sabo: wanke hanji da tumbi, dafa kayan ciki, babbake kai da ƙafa idan babu mai kai su wajen masu babbaka. Washegari a sauke naman da ya kwana a rataye, a yayyanka, a tafasa, a shiga suya. Yini guda tana gaban kasko, hayaƙi a ido, mai yana fallatsa a hannun da aka yi wa lalle shekaranjiya, ga baƙi suna sallama kowa sai an kai masa ruwa da abinci. Wata sai a kwana na uku take samun sa kayan da aka yi ta rigima da tela a kansu. Mu maza muna zaure ko ƙofar gida, an kawo mana a faranti, muna cewa Sallah ta yi daɗi.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa a wata ranar idi Habashawa suna wasa da makamai a masallaci, Manzon Allah (SAW) ya tsayar da Nana A'isha a bayansa tana kallo ta kan kafaɗarsa, bai gusa ba sai da ita da kanta ta gaji. A ruwayar ranar idi kuma, da Sayyidina Abubakar ya tsawata wa 'yan mata biyu da suke waƙa a ɗakinta, Manzon Allah ya ce a ƙyale su, kowace al'umma tana da idinta. Ba kuɗi ya kashe ba, tsayuwa ya yi har ta ƙoshi da kallo. Magidancin da ya kasa sayen leshi bana yana iya wannan. Ya ɗauki wuƙa ya yanka naman da kansa, ya sa samarin gidan su karɓi kasko, ya kwashe yara ya fita da su na awa biyu don ta yi wanka a natse ta kwanta, ya kai ta gidan iyayenta ba tare da yana duba agogo ba. Ya ce mata, "Sannu da aiki, Allah ya yi miki albarka," a gaban 'ya'yanta. A Yamai da Maraɗi da Damagaram za ka ga an ware raguna an soke su a kan itatuwa, an jera su kewaye da babbar wuta a bakin titi, maza da samarin unguwa ne suke yini suna kula da gashin, ana shayi ana hira. Aikin da yake zama wahalar mutum ɗaya a bayan gida ya zama shagalin unguwa. Ba sai mun kwaikwayi salon gashinsu ba, amma babu abin da ya hana samarinmu tsayawa a kan suya.

Rigimar tela kuwa mai sauƙin magani ce, mu ne ba ma so. Mutum ɗaya da keke ɗaya ba zai ɗinka kayan unguwa guda a mako biyu ba, shi ma laifinsa ne da yake karɓar abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda ya samu yadi ya kai da wuri. Wanda bai samu ba ya fito da ta bara, a wanke, a sa sitaci, a kai wa mabuga. Shaddar da ta sha bugu tana fitowa da ƙyallin da sai an faɗa maka za ka san ba sabuwa ba ce, wadda ta koɗe kuma marina tana nan. Abin da aka nema a ranar shi ne mutum ya sa mafi kyawun abin da yake da shi.

Saura zumunci, wanda shi ma muka mai da shi saƙon waya guda da ake tura wa mutum ɗari. Kuɗin mota ya yi tsada, gaskiya ne, kuma wanda iyayensa suke nesa ba a zarge shi ba idan kira kaɗai ya iya. Amma da yawanmu gwaggo tana Fagge muna Gwale, kawu yana Tudun Wada muna Sabon Gari, shekara ta zagayo ba mu taka ba. Tsofaffin nan ba ledar nama suke jira ba, da yawansu haƙoran ma sun tafi. So suke ka zauna a tabarma, ka ci tuwon da aka ajiye maka, ka bari su ba ka labarin da ka riga ka sani, su ga 'ya'yanka su faɗi wanda ya ɗebo kamannin wane. Gidan da aka yi rashi a cikin shekarar ya fi kowane buƙatar wannan, domin Sallar farko babu uwa ko babu miji tana da nauyin da mai rago goma ma ba ya tsira daga gare shi. A je a zauna, a yi addu'a, wayar ta zauna a aljihu.

Kwanakin yanka uku ne a wurin Malikiyya, ranar idi da biyu bayanta, da rana. Sau da yawa farashi yakan sauko bayan an sauko idi, domin mai dabba ba ya son biyan kuɗin mota ya mai da ita gida, saboda haka wanda kuɗinsa suka gaza a jajibere yana iya komawa kara washegari, layyarsa kuma ta inganta. Kwanakin da ke bin idi kuma hadisin Muslim ya kira su kwanakin ci da sha da ambaton Allah. A cikinsu ne gida yake lafawa, baƙi su ragu, a samu zaman shayi da soyayyen nama da yaji bayan la'asar. Hutun gwamnati yawanci kwana biyu ne, ga kuma ma'aikatan jinya da direbobi da masu gadi da mahauta waɗanda ko wannan ba sa samu. Wanda yake da ɗan aiki a shago ko a gida ya sallame shi yini guda cikin ukun nan, da kasonsa na nama da kuɗin mota, ya je ya ga tasa uwar.